Shirin Farmington: Yadda Ɗakunan Karatun Amurka Suka Raba Aiki

A shekarar 1932 ne shugabannin manyan ɗakunan karatu 42 suka hallara a birnin Shikago, suka kafa ƙungiyar ɗakunan karatun bincike, wato ARL. Yaƙin Duniya na Biyu ya fito da amfaninta fili, domin hanyoyin Turai sun toshe, masana suka nemi littattafan ƙetare suka rasa. Wannan ya haifar da Shirin Farmington, wanda ya soma aiki a 1948: kowane ɗakin karatu ya ɗauki nauyin wani fanni, yana sayen sababbin littattafansa daga ƙetare, yana ba sauran aro. Rauninsa shi ne dillalai aka bar wa zaɓen littattafan, zaɓinsu kuwa ba kullum yake gamsarwa ba. An kawo ƙarshen shirin a 1972.