Arlit: Gidajen Kamfani da Unguwar Bukkoki

A manyan birane irin su Landan, inda Ruth Glass ta yi nazarin al'amarin a 1964, masu hali ne kan shigo tsohuwar unguwar talakawa, kuɗin haya ya hau, mazauna na asali su tashi. Tarihin Arlit, a jihar Agadas, ya bi wata hanya dabam, domin a can an ware talaka tun daga zanen gari.

An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka aza harsashin garin a 1969, aka soma fitar da uraniyum a 1971. COMINAK kuwa, wanda aka kafa a 1974, shi ya gina Akokan a kusa, ya fara haƙa a 1978. Kowane kamfani ya yi wa ma'aikatansa unguwa bisa ga muƙami, da ruwan famfo da lantarki da asibiti. Watau gida na tafe ne da aiki: wanda aka sallama, sai ya miƙa mabuɗi.

Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, ya koro Abzinawa makiyaya waɗanda dabbobinsu suka ƙare. Hausawa ƴan kasuwa da masu neman ƙwadago kuma suka haura daga kudu. Da yake ba a tanadar musu wuri ba, sai suka kafa rumfuna a gefen gari, har kalmar bukkoki ta zama sunan unguwa. Da farashin uraniyum ya faɗi a shekarun 1980, ma'aikatan da aka rage suka ƙaru a kansu.

Wannan rabo bai tsaya ga muhalli ba. Binciken CRIIRAD a 2003, da na Greenpeace a 2009, sun gano ƙarafan ma'adana masu gubar uraniyum a kasuwa, irin waɗanda marasa hali ke saye don gini da kayan gida. Da aka rufe COMINAK ran 31 ga Maris 2021, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki.

Ga masu tsara yaƙi da jahilci, abin lura shi ne harshe ma ya bi wannan iyaka. Faransanci ke mulkin ofis da makaranta, alhali Hausa ce ke haɗa jama'a a kasuwa da bukkoki, Tamajak kuma a gidajen Abzinawa. Ajin da aka buɗe bisa taswirar kamfani zai tsallake mafi yawan masu bukatarsa.