Kujerar da Aka Ci Sau Uku: Labarin Julian Bond na Jihar Jojiya

Idan jama'a suka zaɓi mutum ya wakilce su a majalisa, wa ke da ikon hana shi zama? A tarihin Jihar Jojiya, a kudancin Amurka, an taɓa kai wannan tambaya har gaban Kotun Ƙoli saboda wani saurayi mai suna Julian Bond.

An haifi Bond a shekarar 1940 a birnin Nashville. Mahaifinsa, Horace Mann Bond, shi ne baƙar fata na farko da ya shugabanci Jami'ar Lincoln, makarantar da Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah suka yi karatu a cikinta kafin zamaninsa. Julian ya shiga Kwalejin Morehouse a Atlanta, babban birnin Jojiya. A 1960 yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar SNCC, wadda ke yaƙi da wariyar launin fata ba tare da ɗaukar makami ba, daga baya kuma ya zama kakakinta.

A lokacin, yadda aka yanka mazaɓu a Jojiya ya fifita ƙauyuka a kan birane, har ƙuri'ar mutumin Atlanta ba ta da nauyi sosai. Kotu ta tilasta a sake rabon mazaɓu, aka yi zaɓe a watan Yuni na 1965. Bond, ɗan shekara 25, ya tsaya a mazaɓa ta 136 a ƙarƙashin jam'iyyar Dimokurat. Ya sami ƙuri'a 2,320, abokin takararsa ya sami 487.

Kwana huɗu kafin a rantsar da shi, ƙungiyar SNCC ta fitar da sanarwa tana sukar yaƙin da Amurka ke yi a Biyetnam, tana kuma nuna tausayi ga samarin da suka ƙi shiga soja. Wani ɗan jarida ya tambayi Bond ra'ayinsa, ya ce yana goyon bayan sanarwar. Ran 10 ga Janairu 1966, da aka zo rantsuwa, aka ce ya tsaya gefe. Majalisar Wakilai ta jihar ta kaɗa ƙuri'a, mutum 184 suka ce kada a ba shi kujera, 12 kaɗai suka tsaya masa. Hujjarsu ita ce, wanda ya faɗi irin wannan magana ba zai iya rantsuwa da gaskiya cewa zai kiyaye tsarin mulki ba.

Mai karatu, ba ranar aka fara irin wannan a majalisar ba. A 1868, bayan yaƙin basasar Amurka, 'yan majalisa farare sun kori abokan aikinsu baƙaƙe fiye da ashirin, cikinsu har da Fasto Henry McNeal Turner na cocin AME, wai baƙin mutum ba shi da ikon riƙe muƙami. Sai a 1870 aka mayar da su. Ashe bayan kusan shekara ɗari, tsohon hali bai mutu ba, riga kawai ya sake.

Mutanen mazaɓar Bond ba su yi shiru ba. Rabaran Martin Luther King, wanda gidansa ke cikin mazaɓar, ya jagoranci maci zuwa ginin majalisa. Da aka sake zaɓe a watan Fabrairu don cike gurbin, jama'a suka sake zaɓen Bond, aka sake hana shi. A babban zaɓen Nuwamba 1966 suka zaɓe shi karo na uku. Duk tsawon shekarar kujerarsu babu kowa, amma sun gwammace haka da a zaɓa musu wani.

Ƙaramar kotun tarayya ta goyi bayan majalisa, alƙalai biyu a kan ɗaya. Amma ran 5 ga Disamba 1966 Kotun Ƙoli, a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Earl Warren, ta yanke hukunci da murya ɗaya cewa an tauye wa Bond 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. Kotun ta ce ɗan majalisa yana bukatar cikakken 'yancin magana, domin masu zaɓe su san inda ya tsaya su kuma auna shi. A Janairu 1967 aka rantsar da shi.

Daga nan Bond ya yi shekara 20 a majalisar jiha: wa'adi huɗu a Majalisar Wakilai har 1975, sannan wa'adi shida a Majalisar Dattawa har 1987. A taron jam'iyyarsa na 1968 a Cikago an ba da sunansa don takarar mataimakin shugaban ƙasa, amma ya janye, domin shekarunsa 28 ne, doka kuwa ta ce sai 35.

A 1986 ya nemi kujerar Majalisar Tarayya daga Atlanta. Abokin takararsa shi ne John Lewis, wanda suka yi gwagwarmaya tare a SNCC. Bond ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma a zagaye na biyu Lewis ya kayar da shi da kashi 52 cikin ɗari. Zumuncinsu ya yi sanyi shekaru masu yawa. Bond ya koma koyarwa a jami'a, ya kuma shugabanci hukumar ƙungiyar NAACP daga 1998 zuwa 2010. Ya rasu a 2015.

Sau biyu ke nan aka hana Bond kujera, amma hanin ba iri ɗaya ba ne. A 1966 abokan aikinsa ne suka rufe masa ƙofa, sai ya yi ƙara har ya ci. A 1986 masu ƙuri'a ne suka juya masa baya, a nan kuwa babu kotun da za a je, domin masu kujerar ne suka yi magana.