Ɗinkin gida a arewacin Zamfara

A gidaje da dama a garuruwan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, keken ɗinki na daga cikin kayan da iyaye masu hali kan kai 'yarsu ɗakin miji da su, tare da gado da jeren kwanuka.

Wasu matan kan mayar da shi sana'a. Wasu kuwa ba sa karɓar ɗinkin kowa, kansu da 'ya'yansu kawai suke yi wa, don sha'awa da kuma rage kashe kuɗi.

Irin waɗannan matan ba su da shago, ba su da allon talla, amma su ne ke rufa wa gidaje da yawa asiri ta fuskar sutura, musamman a 'yan shekarun nan da farashin yadi ya tashi, hanyoyin kasuwa kuma suka zama abin fargaba.

Kafin zuwan keke

Arewacin Zamfara ƙasar auduga ce tun fil azal, kuma a da can kusan kowane mataki na yin tufafi a cikin gari ake gama shi.

Mata ne ke gurzar auduga su cire gurya, su yi shiɓa, sannan su kaɗa zare da mazari. Masaƙa maza su saƙa shi ƙwarya-ƙwarya, marina su rina da baba, maɗinka su harhaɗa da allura.

Abin lura shi ne, a wancan zamani ɗinki aikin maza ne. Malamai da almajirai da dama da allura suke ci, suna ɗinkin hula da aikin wuyan babbar riga irin su aska biyu da aska takwas. Mace kuwa ba ta da buƙatar tela sosai, tunda zane ɗaura shi ake yi.

Shigowar yadin kanti da yaɗuwar ɗinkakkun rigunan mata ne suka sauya wannan tsari.

A shekarar 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙaura Namoda, inda ya tsaya. Jirgi ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga zuwa kudu, yana dawowa da hajar kamfanonin Turawa, ciki har da yadudduka.

Keken Singer, wanda Isaac Singer na Amurka ya yi wa rajista a 1851, shi ne ya fara yin suna a ƙasar Hausa. Daga baya keken Butterfly ƙirar ƙasar Sin ya mamaye kasuwa saboda sauƙin kuɗinsa, kuma har yanzu shi aka fi gani a ɗakunan mata. Na ƙafa ya fi karɓuwa a kan na lantarki, domin ba ya jiran a kawo wuta.

Shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987 ya ƙara yaɗa koyon ɗinki ta hanyar cibiyoyin mata. To amma akasarin masu ɗinkin gida a wajen uwa ko yaya ko maƙwabciya suka koya.

Lissafin yadi shida

Masu ɗinki kan ce taka keke ba shi ne ɗinki ba, yanka shi ne ɗinki. Kafin almakashi ya taɓa yadi kuma, akwai lissafi.

Turmin atamfa da ake sayarwa a kasuwa yadi shida ne. A bisa al'ada, yadi biyu na zane ne, kimanin biyu na riga, sai a fitar da ɗankwali a abin da ya rage.

A nan ne mai ɗinka wa kanta ta fi mai kai wa tela riba. Idan ta iya yanka, takan fitar da rigar ƙaramar yarinya ko zanen goyo a cikin turmi guda. Ƙyallayen da suka saura ma ba a zubarwa, da su ake yin rigar matashin kai ko a haɗa shimfiɗar jariri.

Wani abin kula shi ne zanen da ke jikin atamfar. Idan fure ko ganye ne mai fuskantar gefe guda, dole a yanka gaba da baya da hannuwa su bi hanya ɗaya, in ba haka ba riga ta fito rabi a miƙe rabi a kife. Atamfa mai manyan zane ta fi cin yadi, saboda sai an daidaita zanen a tsakiyar ƙirji. Mace mai dabara tun a gaban mai haja take yin wannan lissafi, kafin ta yi tayi.

A Turai da Amurka masu ɗinkin gida kan sayi samfurin riga da aka zana a takarda, su ɗora a kan yadi su yanka. Kamfanin Butterick na Amurka ya soma sayar da irin wannan takarda tun 1863. A ƙasar Hausa ba a saba da haka ba. Tef ɗin awo da alli ake amfani da su, ko kuma a shimfiɗa tsohuwar rigar da ta zauna daidai a jiki, a bi gefenta.

Mai koyo ba a ba ta atamfa da farko. A takardar buhun siminti take soma yanka da ɗinki, har hannunta ya faɗa. Daga nan sai kalmasa bakin zane, sai siket mai roba, sai buba. Sa zif da haɗa hannun riga da kafaɗa su ne kan ɗauki lokaci, kuma a nan ne da yawa ke karaya su mayar da keken wurin ajiye kwanuka.

Kayan maza ba kasafai ake ɗinka su a gida ba. Shadda tana da tsada, musamman ta kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya, kuma aikin wuya na buƙatar keke na musamman.

Hijabi da kayan makaranta

Babu tufar da ta ƙarfafa ɗinkin gida kamar hijabi. Yaɗuwar makarantun Islamiyya tun daga shekarun 1980 ta sa ya zama suturar yau da kullum, lamarin da ya ƙara ƙarfi bayan da Gwamna Ahmad Sani Yarima ya ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a jihar a watan Oktoban 1999.

Hijabi ba ya buƙatar awo mai yawa, tsawo da zagayen fuska ne kawai. Uwa mai 'ya'ya mata huɗu ko biyar, kowace da na boko da na Islamiyya, ta san abin da take ragewa idan ta ɗinka da kanta.

Akwai kuma batun awo. Yawancin telolin kasuwa maza ne, kuma mata da dama, da ma mazajensu, ba sa son namiji ya auna su. Akan aika da tsohuwar riga a madadin awo, wanda sau da yawa shi ne mafarin saɓani idan ɗinki ya dawo bai yi daidai ba.

Saɓa alkawarin tela a daren Sallah kuwa ba sai an yi dogon bayani ba. Mai keke a ɗaki tun kafin azumi take fara rage aiki.

Auduga a gida, yadi daga waje

Duk da audugar da ake nomawa a yankin, da wuya a sami mai ɗinki da yadin da aka saƙa a Zamfara.

Masaƙar Gusau, wadda aka kafa a shekarun 1960, ta durƙushe a shekarun 2000 kamar takwarorinta na Kaduna da Kano, sakamakon matsalar wutar lantarki da tsadar aiki da kuma kwararowar yadi mai araha daga ƙasar Sin.

Akasarin atamfa da leshi da ake sayarwa a garuruwan uku daga kasuwar Kantin Kwari ta Kano ake saro su. Wasu kuma ta Jamhuriyar Nijar suke shigowa, wadda ƙaramar hukumar Zurmi ke iyaka da ita. Atamfar Holan ta kamfanin Vlisco ta koma ta lefe da manyan bukukuwa.

Saboda haka duk abin da ya taɓa canjin kuɗi ko kan iyaka, ya taɓa mai keke. Rufe iyakokin Najeriya na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023, sun sa turmin atamfa ya gagari iyalai da yawa. Wasu sun koma ga gwanjo, wanda shi ma yakan bi ta kan keke a rage shi ko a ƙara masa tsawo.

Rashin tsaro

Shinkafi da Zurmi na daga cikin ƙananan hukumomin da hare-haren 'yan bindiga suka fi addaba, kuma hanyoyin da suka haɗa su da Ƙaura Namoda sun sha fuskantar tare matafiya.

A watan Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako a faɗin jihar, ciki har da ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis, wadda ke jawo fatake daga jihohi maƙwabta da kuma Nijar. A cikin watan ne kuma aka katse layukan wayar salula na tsawon makonni.

Matakan biyu sun shafi masu ɗinki kai tsaye. A kasuwa ake samun zare da allura da zif da man keke. Ta waya kuma ake ganin sabon yayi a WhatsApp da TikTok, waɗanda suka maye gurbin kalandar ɗinki da a da ake liƙawa a bangon shagon tela, ta waya kuma ake yin sautun yadi daga Kano.

Dubban mutanen ƙauyuka sun yi gudun hijira zuwa cikin waɗannan garuruwa da kuma Gusau, da yawansu ba su fito da komai ba sai kayan jikinsu. Keken ɗinki na daga cikin abubuwan da hukumomi da ƙungiyoyin agaji kan raba wa zawarawa da matan da suka rasa muhallinsu, ko da yake wasu kan sayar da shi saboda buƙatar abinci ta fi gaggawa.

Ga waɗanda suka riƙe nasu, ɗinkin da a da ake yi wa kai da yara ya zama hanyar samun kuɗin cefane, inda akan fara da kalmasa zane da gyaran kayan makarantar 'ya'yan maƙwabta.