Tarihin Mitocin Rediyo a Wasan Ƙananan Jiragen Sama

Masu tuƙa ƙananan jiragen sama da rimot sun shafe kusan shekara 70 suna fama da matsala guda: idan mutum biyu suka kunna na'ura a kan mita ɗaya, jirgin da ke sama ba ya bambance umarnin mai shi da na baƙo, sai ya rikice ya rikito. Masu wasan kan ce an harbo shi.

A Amurka aka fi rubuta wannan tarihi. Tun 1937 tagwaye Walter da William Good suke tashin jirginsu, amma a zamaninsu sai mai lasisin rediyo, wanda ya ci jarrabawa, ke da izinin aika sigina. A 1952 hukumar sadarwa ta FCC ta buɗe megahaz 27.255 ga kowa, a 1958 ta ƙara mitoci biyar. Kowace mita da launin ƙyallen da ake ɗaura wa eriya: ruwan ƙasa, ja, ruwan lemo, rawaya, kore da shuɗi. Sai dai maƙwabtansu a wannan zango masu oba-oba ne, kuma da direbobin manyan motoci suka rungumi oba-oba a shekarun 1970, zama ya gagara. Amurkawa suka riƙa ƙaura zuwa megahaz 72, inda aka ba su 'yan gurabe tun 1966. Birtaniya ta keɓe wa jirage megahaz 35 a 1981, shekarar da ta halatta oba-oba.

Kan babban sauyin Amurka ne marubuta suka rabu: wasu na sa 1982, wasu 1991. Kowa da gaskiyarsa. A ƙarshen 1982 FCC ta amince da tashoshi 50 na jirage zalla, daga ta 11 a kan 72.010 zuwa ta 60 a kan 72.990, tazarar kilohaz 20 tsakanin kowace biyu. Amma na'urorin da ke hannun jama'a masu faɗin baki ne, sigina na malala zuwa tashar maƙwabci, don haka ƙungiyar masu wasan, AMA, ta riƙa buɗe tashoshin kashi-kashi, masu cikakkiyar lamba da farko, sauran sai 1991. Wannan shekara ce ta fi cancantar a riƙe, domin ita ce ta taɓa aljihun mutane: ko ka kai rimot ɗinka a matse shi a manna masa tambari mai ruwan zinare, ko ka sayi sabo.

Matse tashoshi ya fito da cutar da da ba a damu da ita ba. Yawancin na'urorin karɓa na wancan lokaci suna mayar da sigina zuwa kilohaz 455 kafin su karanta shi. To, rimot biyu da ke da tazarar tasha 23 bambancinsu kilohaz 460 ne, kusa ƙwarai da 455, sai su haɗu su kutsa cikin jirgin wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Haka sautin tashar talabijin ta 4, a kan 71.75, ya hana tashoshi na 20 da 21 sakat a garuruwan da ake kama ta. Akwai kuma wata: mai tasha ta 30 da mai ta 32, in suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, suna haifar da sigina na bogi a kan ta 28 da ta 34. Dalilin ke nan da ake ware wa kowane matuƙi gurbin tsayuwa nesa da ɗan'uwansa. Maganin biyun farko shi ne na'urar karɓa mai tacewa sau biyu, wadda ke fara bi ta megahaz 10.7.

Duk da wannan lissafi, abin da ya fi ceton jirage allo ne na katako a bakin fili, da maƙalan shanya jere a jikinsa, kowane da lambar tasha. A wancan zamani ba ka kunna rimot sai maƙalin tasharka na kan eriyarka. Ranar gasa kuwa ana tattara rimot ɗin kowa a teburi ɗaya, sai layinka ya zo a miƙo maka. A filaye da dama, wanda ya kunna ba maƙali ya kayar da jirgin wani, shi zai biya. Mai son sauya tasha yakan zare ɗan ƙaramin kiristal ya sa wani. A Turai wannan ba laifi ba ne, a Amurka doka ta hana mutum sauya na rimot da kansa, ko da yake ba kowa ya bi ba.

A ƙarshen 2005 kamfanin Spektrum ya fito da rimot DX6 a kan gigahaz 2.4, kamfanin Futaba ya biyo baya da tsarin FASST. A nan jirgi na haddace lambar rimot ɗinsa, ba ya sauraren kowa, wasu na'urorin ma tsalle suke yi daga mita zuwa mita. Eriya mai tsawon kusan mita guda ta koma 'yar guntuwa, aka daina taɓa allon maƙalai. Daga Janairun 2015 Tarayyar Turai ta tsaurara ƙa'ida kan sababbin na'urorin wannan zango, saboda suna raba shi da Wi-Fi.