Yadda Likitoci Suka Gane Wahalar Barin Tabar Wiwi

Mai karatu, in kai ne ka ajiye tabar wiwi a makon nan, ko ɗanka ne, ko mijinki, wataƙila kun ji ana cewa ai wiwi ba ta kama jiki, wanda ya so bari sai ya bari kawai. Ba masu shaye-shaye kaɗai suka riƙe wannan magana ba. Likitoci ma sun daɗe a kanta, kuma tarihin yadda suka sauya ra'ayi zai rage maka nauyin kwanakin da kake ciki.

A shekarar 1893 Turawan Ingila da ke mulkin Indiya suka kafa kwamitin binciken wannan ganye. Kwamitin ya saurari shaidu fiye da dubu ɗaya, kuma a rahotonsa na 1894 ya ce shan da bai wuce kima ba, illarsa kaɗan ce. A lokacin babu wanda ya san wane sinadari ne ke sa maye. Sai a 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka tace shi a Isra'ila, shi ne THC.

Daga nan gwaji ya yiwu. A shekarun 1970, Reese Jones da abokan aikinsa a San Francisco ta Amurka sun kwantar da 'yan sa-kai a asibiti, suna ba su THC dare da rana na kwanaki, sannan suka yanke. Nan da nan fushi ya taso musu, barci ya ƙaurace, gumi ya yawaita, abinci ya fita ransu. Duk da haka, kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin Amurka, bugun 1994, bai lissafa wannan hali a matsayin ciwo ba. Wani ɓangare na dalilin yana jikin mutum: THC na taruwa a kitse, yana fita sannu a hankali, don haka wahalar ba ta zuwa da girgiza irin ta mai barin giya ko hodar heroin. Abin da ke zuwa a hankali kuwa, da sauƙi a ɗauke shi a matsayin mugun hali.

A 1988 aka gano ƙananan mashigai a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa inda THC ke maƙalewa, a 1992 kuma aka gano cewa jiki da kansa yana samar da sinadarin da ke aiki a mashigan nan, wanda ke da hannu wajen daidaita barci da yunwa da natsuwa. Mai sha kullum, ƙwaƙwalwarsa kan rage mashigan don ta kare kanta. Ranar da ya daina, sai abin da jiki ke samarwa ya kasa isa. Hotunan ƙwaƙwalwa da aka wallafa a 2012 sun nuna mashigan suna komawa yadda suke bayan kimanin mako huɗu. A 2013, bugu na biyar na kundin nan ya amince da ciwon. Wani nazari na 2020 da ya haɗa bincike da dama ya nuna kusan kashi 47 cikin ɗari na masu sha a kai a kai suna fama da shi.

Wannan tarihi ya bar maka jadawali. Binciken Alan Budney na 2003 ya nuna alamomin kan fara a kwana na 1 zuwa 3, su tsananta tsakanin kwana na 2 da na 6, yawancinsu su lafa cikin mako biyu. Rashin barci da mafarkai masu firgitarwa kan kai wata ɗaya. Saboda haka, daren da ya fi maka tsanani ba shi ne ma'aunin sauran rayuwarka ba. Ka tsayar da lokacin kwanciya da tashi, ka bar shayi mai kauri da gahawa bayan la'asar, ka yi tafiyar ƙafa kowace rana, ka ci abinci kaɗan-kaɗan ko da babu sha'awa, ka kuma nisanci majalisar da aka saba sha. Har yanzu babu maganin da aka amince da shi takamaimai don wannan, amma zama da likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara yana taimakawa ƙwarai.

Ku kuma iyalai, fushin makon farko alama ce ta ciwo, kada ku mayar da ita hujjar gori ko ɗauri. Amma in ya fara jin muryoyi, ko yana zancen kashe kansa, ko kuwa yana haɗa wiwi da giya, tramadol ko ƙwayoyin barci, ku kai shi asibiti ba da ɓata lokaci ba, domin yanke giya ko ƙwayoyin barci farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya. Allah ya ba da lafiya, ya sauƙaƙa.