Yadda Aka Gano Hancin Ƙwaro

Ƙwaro ba shi da hanci irin namu, amma wajen sunsuna ya fi ɗan Adam nesa ba kusa ba. Wani masani Bafaranshe, Jean-Henri Fabre, ya shaida haka a ƙarni na 19, sa'ad da ya kife macen faɗa-wuta a ƙarƙashin ragar waya. Da dare ya yi, sai ga maza kimanin 40 sun cika masa gida. Ya yi zaton wari ne ya kira su, alhali shi hancinsa bai ji komai ba.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Adolf Butenandt, Bajamushe. Shekara kusan 20 ya yi shi da abokan aikinsa suna tatsar ruwan jikin matan faɗa-wutar siliki, har wajen 500,000, don samun abin da bai kai ɗigon ruwa ba. A 1959 suka bayyana sinadarin, suka raɗa masa suna bombykol. A ganina wannan haƙuri ya fi sakamakon ban mamaki, domin mazan ƙwarin ne ma'auninsu: in namiji ya kaɗa fukafuki, to, akwai sinadarin a kwalbar.

Tun 1957 kuwa Dietrich Schneider ya jona ƙahon ƙwaron da na'ura, ya ga lantarki na motsi da zarar wari ya taɓa shi. Ashe hancin yana kan ƙaho, a cikin ƙananan gasu masu huji. A 1970 aka nuna ƙwayar bombykol guda tak tana iya tayar da jijiya. A 1981 Vogt da Riddiford suka gano furotin da ke tallafo ƙwayar warin cikin ruwan gashin.

Su kansu masu karɓar warin sun daɗe suna wa masana ɓuya, saboda an neme su da kamannin na dabbobi masu shayarwa, waɗanda Buck da Axel suka gano a 1991. Sai a 1999 aka same su a jikin ƙudan 'ya'yan itace, kuma a 2008 ta bayyana cewa su ƙofa ne: wari ya zauna a kansu, ƙofar ta buɗe, sinadarai masu ɗauke da lantarki su kwarara, saƙo ya nufi ƙwaƙwalwa. Da irin waɗannan ƙofofi, haɗe da masu jin iskar numfashi, macen sauro ke laluben mai barci cikin duhu, ta bar masa zazzaɓi.