Kaddunan da Suka Riga Kaduna

Mu da muka tashi a Kakuri da Makera da Barnawa, labarin kada muka taras, ba kadan ba. An ce daga kadduna garin ya samo suna, ko da yake Gbagyi, da Turawa suka iske a nan, suna da nasu bayanin. A 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa bakin wannan kogi. Yau mutum sai ya shekara yana tsallaka gada bai ga ko hancin kada ba.

Ko mun haƙa ƙasar unguwanninmu ba za mu sami ƙashin kakannin kada ba. Dutsen da Kaduna ke zaune a kai ya haura shekara miliyan 500, kuma zafi da matsi ne suka gasa shi, irinsa ba ya ajiye ƙashi. Amma hukumar binciken ma'adinai da duwatsu, wadda aka kafa a 1919, ta daɗe da ofishinta a Kaduna ta Kudu, har yanzu ɗakin gwajinta na Barnawa. A mujallarta ta 1930 wani Bature, W. E. Swinton, ya bayyana ƙasusuwan da aka tono a lardin Sakkwato, waɗanda suka riga suka zama dutse.

Abin da ƙasusuwan suka nuna yana da wuyar haɗiya ga wanda ya san ƙurar Sakkwato: wurin teku ne. Kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, wani reshen teku marar zurfi ya ratso Sahara ya kwanta a kan inda Wurno da Goronyo suke yau. Laka ta binne abin da ya mutu a cikinsa. Akwai wani ƙaton dangin damo mai iyo, wanda masana daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972. Akwai kuma kadan teku, Sokotosuchus, da Beverly Halstead ya bayyana a 1975. Sunayen garuruwanmu ke nan a bakin masanan duniya, mu kuwa ba mu taɓa jin su a aji ba.

Shekara miliyan 66 da suka wuce wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a gaɓar Meziko. Ƙura ta rufe rana, tsiro ya mutu, kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in halittu suka ƙare, har da dangin Goronyosaurus baki ɗaya. Dangin kadan teku suka tsira. A shimfiɗar dutsen da ta biyo bayan bala'in, a ƙasar Sakkwaton dai, ga ƙashinsu nan.

Can arewa, a Gadufawa cikin hamadar Nijar, an tono wanda ya girme su duka. Sarcosuchus ya rayu wajen shekara miliyan 110 da suka wuce, tsawonsa ya kai mita 9 ko fi, ƙoƙon kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. Faransawa biyu, France de Broin da Philippe Taquet, suka sa masa suna a 1966. An sami ɗan'uwansa a Brazil, ba don ya iya tsallaka teku ba, sai don Afirka da Amurka ta Kudu ba su gama rabuwa ba a lokacin. Shi da kadan kogunanmu dangi ne na nesa, ba kaka da jika ba.

Zuri'ar da ta ga rabuwar nahiyoyi, ta kuma haye wancan bala'i, ita ce ta yi wuyar gani a tsakanin garinmu cikin shekara ɗari. Mafarauta sun bi fatarta, gidaje sun cinye gaɓa, masu yashi sun kwashe inda take binne ƙwai, ruwan masana'antu da na kwatoci ya gangara kogi. Ƙasusuwan da Swinton ya bayyana kuwa suna gidan tarihi a Landan. Yaron Barnawa da ke son ganinsu sai ya nemi biza.